Wa ya kashe wutar Yukagir?

Yau zan kai ku nesa. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Maganar ita ce wai harshe kamar mutum yake: ya tsufa, ya mutu, ba laifin kowa. Masu ilimin boko ne suka fi faɗinta. Sukan ƙara da cewa harsunan ƙananan ƙabilu dole su ɓace, tunda duniya ta ci gaba. In suna faɗi, sai ka ce batun faɗuwar rana suke yi, abin da ba mai iya tsayar da shi. Ni ban yarda ba. Ruwa ba ya tsami banza. Shaidata kuwa wasu mutane ne da ake kira Yukagir. Ku biyo ni ku ji labarinsu, sannan ku yanke hukunci da kanku.

Yukagir suna zaune a ƙasar Rasha, cikin yankin da ake kira Sibiriya, can ƙuryar arewa maso gabas. Daga Mosko, babban birnin Rasha, zuwa wurinsu ya fi kilomita 5000. Jihar da mafi yawansu suke ciki sunanta Saha, wasu su ce Yakutiya, kuma ita kaɗai ta ninka Nijar sau biyu da ƴan kai. Akwai wani kogi can mai suna Kolima, tsawonsa kamar rabin kogin Kwara. Wajen wata 8 a shekara ruwansa daskare yake, ya zama ƙanƙara, har a yi tafiya a kansa. Ruwa yana daskarewa idan ma'aunin sanyi ya sauka zuwa sifiri. To, a can sanyi yakan wuce sifiri da maki 50. Ba a noma. Gero ba ya fita, dawa ba ta fita. Abincin mutane kifi ne da nama.

Yukagir kashi biyu ne. Na arewa suna zaune a fili marar itatuwa, kusa da teku, a garuruwa irin su Andiryushkino da Kolimskoye. Suna kiwon wata dabba mai kama da barewa, mai ƙaho rassa-rassa, kamar yadda Fulani ke kiwon shanu. Suna kiran kansu Wadul. Na kudu suna cikin daji, a wani ƙauye mai suna Nelemnoye da kewayensa. Su mafarauta ne da masunta. Suna kiran kansu Odul. Ana fassara sunan da "masu ƙarfi". Kowane kashi da harshensa. Harsunan biyu ƴan uwa ne, amma sun yi nisa da juna, har mai wannan ba ya gane mai wancan sosai. Masana sun daɗe suna neman danginsu cikin harsunan duniya, har yau suna gardama. Ba su yi kama da na maƙwabtansu ba.

A ƙidayar da aka yi a Rasha a 2010, an sami Yukagir 1603. Waɗanda aka rubuta suna jin harshen kuwa, 370 ne. Wannan ma an yi sassauci, domin mutum yakan ce yana ji alhali gaisuwa da sunan kifi kawai ya sani. Masu bincike da suka zauna wurin Odul a ƙarshen shekarun 1980 da cikin shekarun 1990 sun ƙiyasta masu magana da harshen sosai ba su wuce 50 ba, kuma kusan duka tsofaffi ne. Ku lissafa shekarun da suka wuce tun lokacin.

Mai waccan magana zai ce: "To, ka gani? Mutum 1600! Ko kasuwar ƙauye ta fi su. Yaya harshensu zai rayu?" Sai in tambaye shi: wa ya mai da su 1600?

A da, ƙasar Yukagir ta tashi tun daga kogin Lena har kogin Anadir, tafiyar watanni. Ƙabilu ne da yawa, kowace da sunanta. Tsofaffinsu suna cewa a zamanin kakanni wutar da suke hurawa a zango ta kai taurari yawa, har tsuntsu in ya ratsa ta sama hayaƙi ya sake masa launi. Labarin tsofaffi ne, akwai gishiri a ciki. Amma ga abin da ba gishiri ba. A ƙasashen sanyi akwai wani haske da yake bayyana a sama da dare, kore da ja, yana kaɗawa kamar zane a iska. Maƙwabtansu Yakut suna kiran wannan haske "wutar Yukagir". Maƙwabci ba ya sa wa abin sama sunan mutanen banza. Masana tarihi kuma sun duba takardun haraji na da, sun ƙiyasta Yukagir sun kusa 5000 lokacin da Rashawa suka iso. A ƙasar da ba a noma, wannan jama'a ce mai yawa.

Rashawa sun iso a shekarun 1630 da 1640. Mayaƙan sarkin Rasha ne, da bindiga. Sun kai kogin Kolima a 1643, suka kafa sansani. Abin da ya kawo su fata ce. Akwai wata ƴar dabba mai kama da tunku, Rashawa suna ce mata sobol, gashinta baƙi ne mai laushi, kuma a kasuwannin Turai fatarta kamar zinariya take. Sai aka ɗora wa kowane namiji baligi haraji mai suna yasak: ya kawo fata kaza kowace shekara. Don kada mutane su gudu, sai a kama ɗan babban gida ko shugaban dangi a tsare a sansani, sai an kawo fata a nuna musu shi. Mafarauci ya bar neman naman da iyalinsa za su ci, ya koma bin dabbar da ba ta cika tukunya. Wani abin takaici, in mutum ya mutu, sunansa yakan daɗe cikin takarda, dangi su ci gaba da biya masa. Dattawanmu da suka ga zamanin lanho na Nasara ba sai an yi musu bayani ba.

Bayan haraji sai cuta. Baƙin sun zo da agana, wadda Yukagir ba su taɓa sani ba, jikinsu bai san yadda zai yi da ita ba. A shekarun 1690 kaɗai ta ɗauke kusan rabinsu. Ta sake dawowa, har a shekarun 1880. Rashawa kuma suka riƙa tura su gaba a yaƙinsu da wata ƙabila mai ƙarfi, Cukci. In soja ya koma sansani, Cukci su huce a kan Yukagir. Ga yunwa: wasu shekaru garken dabbobin daji da suke jira a mashigin kogi ya sake hanya, zango guda ya mutu cikin sanyi. Ƙabilu irin su Omok da Cuwan suka watse, harsunansu suka ɓace ɗungum, waɗanda suka rage suka narke cikin maƙwabta. Da aka yi ƙidaya a 1926, Yukagir 443 aka samu.

Na san wani zai ce ƙaddara ce. Gaskiya ne, ba abin da ke faruwa sai da sanin Allah. Amma in wani ya cinna wa rumbunka wuta, ba ka cewa ƙaddara ce ka sake shi ya tafi. Kai shi kake yi gaban alƙali.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma shi ne zuciyar maganata. Duk wannan bala'i, na shekara kusan 300, bai kashe harshen ba. Mutane sun ragu, amma waɗanda suka rage da shi suke magana, da shi uwa ke lallashin ɗa. A shekarun 1890 wani mutum mai suna Yohelson, wanda sarkin Rasha ya kora zuwa Sibiriya saboda siyasa, ya zauna tare da su, ya rubuta tatsuniyoyinsu da waƙoƙinsu daga bakinsu. Ya same su cikin talauci da yunwa, amma harshe yana nan garau. Har ya ga suna zane a ɓawon itace da tsinin wuƙa. Maza su zana koguna da hanyar da suka bi, su bar wa na baya. Ƴan mata su zana abin da ke zuciyarsu game da samari. Ba rubutu ba ne irin wanda kuke karantawa yanzu, mai ɗauke da sautin magana. Amma ya nuna mutane ne da suka san amfanin alama. Abin da agana da bindiga suka kasa, makaranta ce ta yi shi, cikin shekara 40 ko 50.

Ga yadda aka yi. A 1917 aka tumɓuke sarkin Rasha, daga baya aka kafa Tarayyar Sobiyet. Sabuwar gwamnati ta ce ita mai son talakawa ce da ƙananan ƙabilu. A farkon shekarun 1930 ta sa masana suka tsara baƙaƙen rubutu ga harsuna da dama na mutanen arewa, aka buga musu littattafan koyon karatu. Cukci sun samu. Ewen, wasu maƙwabtan, sun samu. Yukagir ba su samu ba. Sun yi kaɗan, ba a ga amfanin wahala ba. Kun ji fa: an rage su, sannan aka hana su rabo domin sun ragu.

Kuma ba a rasa wanda zai yi aikin ba. Akwai wani ɗansu, ɗan wani mafarauci matalauci na wajen Nelemnoye, an haife shi a 1906. Sunansa na takarda Nikolai Spiridonov, amma ya sa wa kansa Teki Odulok. Yaron da ya tashi ba ko takalmin kirki, ya yi karatu har jami'ar Leningirad, ya sami babban digiri. A 1934 ya buga littafi a kan rayuwar mutanen ƙanƙara, aka yaba, aka fassara shi zuwa harsunan Turai. Da Rashanci ya rubuta, domin nasa harshen ba shi da baƙaƙe. A ganina ba wanda ya fi shi cancantar ya yi wa Yukagir rubutu. A 1937, zamanin Stalin, aka kama shi, aka ce wai ɗan leƙen asirin Japan ne. A farkon 1938 aka harbe shi, yana da shekara 31. A 1955 hukuma ta ce ba shi da laifi. Wa wannan wankewa ta amfana? Shin wannan ma tsufa ne ya kashe shi?

A waɗannan shekaru ne kuma aka mai da ƙasar Kolima gidan kaso mafi muni a Tarayyar Sobiyet. An kwaso dubban fursunoni ana sa su haƙar zinariya cikin ƙanƙara. Baƙi suka cika ƙasar, masu ƙasa suka zama ƴan tsiraru a bakin koginsu. Aka tattara mafarauta da makiyaya cikin ƙungiyoyin gwamnati, dabbobi suka zama na hukuma. Daga shekarun 1950 aka riƙa rufe ƙananan zanguna ana haɗa mutane a manyan ƙauyuka, tare da wasu ƙabilu da suka fi su yawa.

Sai makarantar kwana. Uba da uwa suna daji da dabbobi, yaro yana lakwal a gari wata 9 a shekara. Da Rashanci ake koya masa, da shi yake ci, da shi yake barci. A wasu wurare Yakutanci ne harshen filin wasa. Tsofaffi da yawa daga ƙabilun arewacin Rasha sun ba da labarin yadda aka riƙa tsawata musu in sun yi harshen gida. Waɗanda suka yi lakwal a nan zamanin da ake rataya wa yaro "sambol" a wuya in ya yi Hausa ko Zabarmanci sun san irin wannan kunya. Bambancin shi ne namu yaron yana komawa gida da maraice ya tarar da gari guda yana Hausa. Yaron Yukagir sai bayan wata 9, ya dawo ya tarar da kaka tana magana yana jin rabi. Ya girma bai iya farauta sosai ba, bai iya harshe sosai ba. Da ya haifi nasa, me zai ba shi?

A nan mai gardama yana da magana mai nauyi, ba zan ɓoye ta ba. Zai ce: "Sobiyet ta kawo likita, ta kawo allurar agana, yunwa ta daina share zango. Mutane sun ƙaru daga 443 zuwa fiye da 1600. Kuma iyaye da kansu suka daina yi wa yara harshen, don yara su sami aiki." Duk gaskiya ne. Wanda ya ga ƴaƴansa suna mutuwa da yunwa ba zai raina burodi da asibiti ba, ni ma ba zan raina ba. Amma wa ya ce sai an ba da harshe kafin a karɓi allura? Ina aka rubuta haka? Zaɓin iyaye kuwa, in ka toshe wa mutum ƙofa uku ka bar ɗaya, ya fita ta nan, kada ka ce shi ya zaɓa. Ofis da Rashanci, likita da Rashanci, jarrabawa da Rashanci, rediyo da Rashanci ko Yakutanci. Uwa ba wawuya ba ce, ta ga inda abinci yake.

Ƙaryar da ta fi ba ni haushi ita ce wai kan yaro ba ya ɗaukar harshe biyu, sai ya zubar da na gida kafin na waje ya shiga. Tsofaffin Yukagir na arewa sun isa amsa. Da yawansu harshe huɗu ko biyar suke yi: nasu, da na Ewen, da na Cukci, da na Yakut, da Rashanci. Ba su taɓa zama a aji ba. A zango da aure da ciniki suka koya, kamar yadda ɗan kasuwar Agadas yake juya Hausa da Tamajak da Larabci. Jikokinsu da suka yi shekara goma a makaranta, ɗaya ko biyu suke yi. To, wa aka ƙara wa ilimin harshe, wa aka rage wa?

Baƙaƙen sun zo daga baya. Wani ɗansu ne kuma ya yi, Gavril Kurilov, wanda aka haifa a 1938, shekarar da aka harbe Teki Odulok. Makiyayi ne tun yana yaro, ya yi karatu a Leningirad, ya zama masanin harshe, yana kuma rubuta waƙa da sunan Uluro Ado. A shekarun 1980 hukuma ta amince da baƙaƙen da ya tsara bisa na Rashanci. Aka buga littafin koyon karatu, aka sa harshen cikin darussan lakwal. A 2001 ya fitar da babban ƙamus. Wansa Semyon marubuci ne, ƙanensa Nikolai mai zane ne kuma marubuci. Gida ɗaya ya ɗauki aikin da gwamnati mai jiragen sama da makamai ta ce ya fi ƙarfinta. Wannan kaɗai ya nuna ba tsada ce ta hana ba. Da an yi shi a 1932, lokacin da kowane yaro yake jin harshen, da littafi ya tarar da masu shi a raye. A 1987 kuwa malami yana koyar da shi kamar baƙon harshe, sa'o'i kaɗan a mako, ga yaran da iyayensu ma ba su iya ba. Ihu bayan hari ke nan. Ba laifin Kurilov ba ne, shi ya yi abin da namiji zai yi.

Akwai kuma masu cewa: "Ai ba a yi asara ba. Masana sun naɗi muryoyin tsofaffi, an rubuta nahawu, an ajiye a kwamfuta." Madalla da masana, aikinsu yana da amfani. Amma bari in ba ku wani labari. A 2002, kusa da wani ƙauye da ake kira Yukagir, an tono kan wata irin giwa mai gashi ta zamanin da, wadda ta shekara dubbai cikin ƙanƙara ba ta ruɓe ba. A 2005 aka kai ta baje koli a Japan cikin ɗakin sanyi, jama'a suka yi layi suna kallo. Mutane da yawa a duniya ta bakin wannan mushe suka fara jin sunan Yukagir. Harshen da ke cikin na'ura kaɗai haka yake. Ana iya kallonsa, ana iya auna shi. Ba ya haihuwa.

Kafin mu gama zagin Rashawa, mu tuna laifi tudu ne. Cikin wannan labari mu Hausawa ba Yukagir ba ne. Miliyoyi ke jin Hausa, a watan Maris na 2025 ma aka ayyana ta harshen ƙasa a Nijar. Mun fi kama da Yakut. Su Yakut sun kusa rabin miliyan, suna kuka Rashanci yana danne su, alhali a Andiryushkino nasu harshen ne ya shiga gidajen Yukagir ya zauna. A Damagaram akwai gidaje da yawa da asalinsu Barebari ne, yau sai suna ya rage, Hausa ake yi. A Ingal akwai harshen Tasawak, masu shi ba su da yawa. A arewacin Najeriya, wajen Bauci da Filato, ƙananan harsuna da dama sun ɓace ko suna kan hanya, kuma Hausa ce ta maye gurbinsu. Ba mu zo da bindiga ba, na yarda. Amma wanda ya taɓa yi wa matarsa ko maƙwabcinsa dariya don ya yi "yare" a gaban mutane, ya san abin da nake nufi.

Su Yukagir ba su miƙa wuya ba. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, albashi ya tsaya, kanti ya bushe, mutanen Nelemnoye suka koma daji farauta da su, abin da ya cece su ke nan. A 1992 suka yi babban taronsu na farko a can. A shekarar ce kuma dokar jihar Saha ta amince da harshensu a wuraren da suke zaune. Ƙungiyar mafarautan ƙauyen sunan Teki Odulok aka sa mata. Sun farfaɗo da bikin kakanni na tsakiyar bazara, lokacin da rana ba ta faɗuwa. Sai kuma a 2018 Mosko ta yi doka cewa koyon harshen gida a lakwal ba dole ba ne, sai in iyaye sun nema. Rashanci kuwa dole ne. An sake toshe ƙofofi, an sake cewa mutane su zaɓa.

A ƙidayar 2021 waɗanda suka ce su Yukagir ne sun kai 1802, sun fi na 2010. Mutane suna ƙaruwa, suna kuma alfahari da sunan. Tsofaffin da suka tashi da harshen tun a goye ne suke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. In dare ya yi a Andiryushkino, hasken nan ya fito a sama, yara su fito kallo, yawancinsu da Yakutanci ko Rashanci za su kira juna su ce a zo a gani.